Alfa Mahaman Jobbo da gidansa: yadda baƙo ya sari Say

Da yawanmu mun shekara biyu, uku a Lamorde, muna kwana muna tashi, muna bin gadar Kennedy safe da yamma, amma ka tambayi mutum ma'anar sunan unguwar sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Kalmar Fillanci ce, laamorde, wato wurin da laamu yake, mazaunin sarauta. A nan Fulanin Bitinkoji suka aje fadarsu. Akwai wata Lamorde a Torodi, akwai wata can Adamawa. Zabarmawan Yamai kuwa suna ce wa wanga gefe Haro Banda, bayan ruwa. Da ka ji sunan ka san a wace gaɓa mai maganar yake tsaye.

Akwai sunan da ya girme waɗannan duka. Tun zamanin daular Songai, gaɓar hagu ta kogi ana kiranta Hausa, gaɓar dama kuma Gurma. Haka suke a Tarihin Sudan na Abdurrahman Sa'adi, wanda aka rubuta a ƙarni na 17. Har wani masanin harshe, Neil Skinner, ya kawo ra'ayin cewa sunanmu na Hausawa daga nan ya samo asali. A yarda da shi ko kar a yarda, abu ɗaya dai ya tabbata: duk Bahaushen da ya hau kabu-kabu daga Babbar Kasuwa ya nufo jami'a, a tsohon lissafi ya bar Hausa ya shiga Gurma ke nan.

To wanga Gurma, a farkon ƙarni na 19, bakin daji ne. Mu da muka tashi da kallon fim ɗin kaboyi, da an ce mutum ya kwashi iyalinsa ya nausa inda hukuma ba ta kai ba ya kafa gida, Amurka ke faɗo mana a rai: keken doki, bindiga, shanu. Alhali a shekarun nan guda, an yi irin wannan a nan ƙofar gidanmu. Mutumin da nake so mu duba shi ne Alfa Mahaman Jobbo, wanda takardun lakkwal ke rubutawa Diobbo, da zuriyarsa da ke riƙe da Say har yau.

Bafillace ne, malami, asalin gidansu Masina, cikin Mali ta yanzu. Labaran baka, waɗanda irin su Bubu Hama da Julde Laya suka sha wahalar tattarawa, sun biyo da shi gaɓar kogi sannu a hankali: ya zauna Gao, ya zauna Larba a ƙasar Songai, sannan ya sauko Neni. E, Nenin da kuka sani, Neni Gungu, tsibirin nan da ke cikin Yamai. (Gungu ɗin ma abin lura ne. Zabarmawa na cewa gungu, mu ma muna cewa gungu, shi ya sa ake kiran mutanen tsibiran Yawuri Gungawa.) Daga Neni ya ƙara gangarawa kudu, tafiyar da ba ta kai kilomita 60 ba, ya sauka inda ya zama Say, a wajajen 1825. Ya rasu a wajajen 1834, kabarinsa na can.

Ku duba lissafin da kyau. Garin da sunansa ya manne da shi, bai cika shekara goma a cikinsa ba. Mafi yawan rayuwarsa a hanya ya yi ta, yana sauka yana tashi, kuma tafiyar ba ta mutum ɗaya da sanda da buta ba ce. Malami irin wannan in ya tashi, gari ne guda ke tashi: mata, ƴaƴa, almajirai, abokan karatu, bayi, dabbobi. Kowane zango yana barin wasu, yana ɗaukar wasu. Kafin ya iso Say ya riga ya yi suna, kuma a ganina sunan nan shi ne babban jarin da ya iso da shi.

Me ya sa Say? Ku ɗauko taswira. A gabas, jihadin Shehu Usmanu ya ci ƙasar Hausa tun daga 1804, kuma yammacin daular ya faɗo hannun ƙanensa Abdullahi, mai Gwandu. A yamma, Fulanin Liptako sun karɓo tuta sun kafa sarauta a Dori wajajen 1810. Can arewa maso yamma, Seku Amadu ya yi nasa jihadin a 1818 ya gina Hamdallahi. Duk wanda zai tashi daga Gwandu zuwa Dori, ko ya zarce Tumbutu, dole ya ƙetare kogi a wani wuri. Haka fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro, wani reshen hanyarsu ta nan yake ratsawa ya bi ta ƙasar Gurma. Wanda ya zauna a bakin fito, ya zauna a kan maƙogwaron hanya. Jobbo malami ne, ba na musun waliccinsa da mutane ke faɗa, amma wurin da ya zaɓa ko madugu ne iyakar abin da zai zaɓa ke nan.

Abin da ya bambanta shi da sauran masu tuta na zamaninsa shi ne bai yi yaƙi ba. A kan wannan bakin masu ba da labari ya zo ɗaya. Say ta zama idon Gwandu a yammacin kogi, amma maigidan bai tara rundunar da zai ci garuruwa da ita ba. Aikinsa karantarwa, wa'azi, da raba gardama. Kar kuma wani ya ɗauka wannan rauni ne. A lokacin da kowane ƙauye ke kwana da fargabar hari, wurin da mahara ke jin nauyin taɓawa ya fi ganuwa tsada. Mai gudun yaƙi nan zai nufo. Mai kaya nan zai sauke. Sarakuna biyu da suka gaji da faɗa, kuma kowa ke jin kunyar ya fara neman sulhu, suna da inda za su haɗu ba wanda ya zubar da girmansa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana zuwa da sadaka, wani ya bar ɗansa karatu, wani ya ba da ɗiyarsa aure. Da haka tunga ke zama gari.

In kuna son ganin ɗaya hanyar, ku dubi Dallol Boso. A can wani malamin Bafillace, Bubakar Luduji, ya nemi kafa mulki a kan Zabarmawa da ƙarfin takobi. An kore shi, ya dawo da goyon bayan Gwandu, gidansa ya zauna Tamkalla. Da Kabawa suka yi tawaye a 1849 ƙarƙashin Yakubu Nabame, Zabarmawa suka bi sahu da jagorancin su Dauda Bugaran da Isa Korombe, aka tarwatsa Tamkalla, ɗansa Abulhasan ya bar Dallol. Sai a 1896, a yaƙin Bumba inda aka kashe Isa Korombe, jikansa Bayero ya samu hanyar komawa. Kusan shekara arba'in suna waje. Gidan Jobbo kuwa, duk wannan guguwa ta zo ta wuce suna zaune cikin garinsu.

Yanzu bari in shigo fannina, don a nan ne labarin ya fi ja na. Waƙoƙin wa'azin da ake jingina wa Alfa Mahaman Jobbo da Zabarmanci suke. Bafillace ɗan Masina, mai karatun Larabci, amma da ya tashi yi wa jama'a magana sai ya ɗauki harshen mutanen bakin kogi. Ba sabon abu ba ne a wancan zamani, don su Nana Asma'u ma sun yi waƙa da Hausa saboda talakawa su ji. Bambancin shi ne a Say harshen bai tsaya a bakin wa'azi ba, ya shige har cikin gida. Ku dubi sunayen kawai. Uban ana ce masa Alfa, kalmar da Songai da Fulanin yamma ke kiran malami da ita, wadda akasari ake dangantawa da alfaƙihu na Larabci. Ɗansa da ya gaje shi, Bubakar, ana masa laƙabi da Modibo, wato moodibbo na Fillanci, daga mu'addib. Mu kuma da mu ne da malam za mu ce, daga mu'allim. Kalma uku, harshe uku, duk rijiya ɗaya aka ɗebo su. Amma sarautar gidan, wadda ake naɗawa har gobe, sunanta Alfaize: alfa da ize, ɗa da Zabarmanci. Ɗan malam. Gidan Fulani ne, sunan rawaninsu kuwa Zabarmanci tsantsa.

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Ina ganin ta harshen nan ne gidan Jobbo ya tashi daga raɓa ya koma kaba. Mutumin da ya yi maka wa'azi da harshen uwarka, ya raba maka gado da shi, jikokinsa suka tashi suna wasa da naka da shi, yaushe za ka ci gaba da ce masa baƙo?

Ba a jima ba ma ya zama mai saukar baƙi. Gelajo, sarkin Kunari a Masina, ya saɓa da Seku Amadu, suka yi ta gwabzawa, aka fi ƙarfinsa, ya kwaso mutanensa ya yo gabas. Ta hannun mai Say aka ba shi wurin zama a yammacin garin, kuma sunansa na nan kan taswira: Wuro Gelajo, garin Gelajo. Abin ya yi wa kowa daɗi. Gelajo ya samu mafaka, Gwandu ta samu mayaƙa masu tsaron hanyar Dori, Say kuma ta samu takobin da ba a hannunta yake ba. Wannan ya kamata mu riƙe in muna yabon zaman lafiyar malam. Shi bai ɗauki makami ba, gaskiya ne, amma yana da maƙwabta masu ɗauka.

Daga nan sai tambayar da masu kirarin gidajen sarauta ba su cika son ji ba: ƙasar da ake rabawa, ta wa ce? Gaɓar da ake ce wa Gurma ai da Gurmawa a cikinta. Fulanin Torodi, da na Bitinkoji, da na Tamu, duk sun tarar da su, kuma a hankali, wani wuri da yaƙi wani wuri da matsi, aka yi ta tura su yamma da kudu. A labarin kafa gari kullum za ka ji an ce "daji ne, ba kowa sai namun dawa". Da na ji wannan jimla nakan ɗaga kunne. Amurkawa ma haka suka ce. A 1830, Jobbo na zaune a Say, majalisarsu ta yi dokar kwashe ƴan asalin ƙasar, waɗanda fim ya koya mana kira Indiyawan daji, a tsallakar da su yammacin kogin Misisipi. A 1862 aka yi wata dokar da ke ba duk wanda ya zauna ya noma fili shekara biyar eka 160, kusan hekta 65, kyauta. Ba na cewa abin ɗaya ne. A can gwamnati ce da soja da takarda, a nan kuwa malami ne da allo da ƴan rakiya, kuma an yi auratayya da cuɗanya irin wadda ba a yi a can ba. Amma a duka biyun, wanda ya zo daga baya shi ya samu bakin ba da labari.

Sai kuma hannun da ya yi aikin. Malam na karantarwa, almajirai na karatu, to wa ke saran itace, wa ke huɗa, wa ke daka? Almajirai na taɓawa, amma ƙarfin noman manyan gidajen wannan yanki a ƙarni na 19 bayi ne, kuma kasuwar Say an sayar da mutane a cikinta kamar yadda aka sayar a Kano da Sakkwato da Damagaram. Jikokin waɗannan mutane suna nan, wasu muna aji ɗaya da su. In an tashi lissafin "iyalin" da suka sari Say, jerin sunayen da maroƙa ke jerowa rabin gidan ne kawai.

Hoto mafi kyau da muke da shi na garin a hannun ƙarni na biyu, wani Bajamushe ne ya bar mana shi, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim. Ya taso daga Gwandu zamanin Sarki Halilu, ya iso gaɓar kogi daura da Say ran 20 ga Yuni 1853. Jiragen fiton da ya gani, kututture biyu ne aka fafe aka ɗinke su a tsakiya, babban cikinsu yana ɗaukar raƙumi uku. Ya tarar da gari a cikin kwari, da ƴar gajeruwar ganuwa, da zafi mai hana numfashi. Mai garin shi ne Bubakar ɗan Jobbo. Kasuwa na ci, tufafin ƙasar Hausa na wucewa yamma, amma tawayen Kabi da Zabarma ya riga ya fara shaƙe hanya. Abin da Bubakar ya nuna wa baƙonsa yana so shi ne jirgin Turawa ya hauro kogi ya cika masa kasuwa da kaya. Ɗan waliyyi ke nan, shekara goma sha tara bayan rasuwar uban: tunaninsa na kan fito da ciniki. Ban ga laifinsa ba. Gari ya riga ya girma, albarka kaɗai ba ta ciyar da shi.

(Ƴan ajinmu na ilimin harsuna, ga taku. Cikin waɗanda suka hau jirgin nan tare da Barth akwai wani yaro Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram, Dorugu, wanda aka ƴanta daga bauta. Shi ne daga baya ya je Ingila, ya zauna da J. F. Schön yana ba shi labari ana rubutawa, abin da ya fito cikin Magana Hausa a 1885. Wato ɗaya daga cikin muryoyin farko na zuben Hausa a boko ta ƙetare kogi a Say.)

Bubakar ya daɗe, jerin sarautar da aka saba bayarwa ya kai shi 1860. Bayansa Abdurrahmani, sai Mulay, sai Abdulwahidu, sai Salihu Alfa Baba, duk ƴan gida ɗaya, rawani na zagayawa tsakanin ɗakuna. Ba zan tsaya kansu ba. Wanda ruwa ya ƙare wa shi ne Amadu Saturu, da ya hau wajajen 1885.

A zamaninsa sunan Say ya shiga bakin mutanen da ba su taɓa ganinta ba. Ran 5 ga Agusta 1890 Ingila da Faransa suka sa hannu a kan wata yarjejeniya, suka ja layi daga Say zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi: arewa ta Faransa, kudu ta Ingila. An yi ta gyara layin daga baya, amma shi ne kakan iyakar da ta raba Maraɗi da Katsina, ta raba Ƙonni da Illela. Duk Bahaushen da aka taɓa tsayarwa a kan iyaka ana neman takardarsa, to igiyar da ta ɗaure shi a garin Jobbo aka kafa turkenta na farko. Me ya sa Say? Don tana cikin littafin Barth, tana kan taswirarsu. Sunan da kakan ya tara da wa'azi shi ya jawo wa jikan ido.

Monteil ya iso a Agusta 1891 ya ƙulla takardar amana ya wuce. Amma kafin wasu su biyo bayansa, wasu baƙin sun riga su: Amadu Seku ɗan Alhaji Umaru Futi, wanda Faransawa suka kora daga Bandiagara a 1893, da Ali Buri Njay na Jolof. Sun zo da labarin abin da takardar amana ke zama in ta kwana biyu. Ga gidan da aka gina a kan karɓar wanda ya gudo, ga kuma masu gudun da abokin gabarsu ke tafe da igwa. Amadu Saturu ya karkata wajen ƴan gudun hijira. Da Hourst ya gangaro da jiragensa a 1896, mai Say bai yarda ya zauna masa a gari ba, dole ya koma wani gungu ya yi sansani, ya sa masa suna Fort Archinard, ya yi watanni a ciki. Wasu za su ce Saturu ya saki hanyar kakansa ya shiga siyasar yaƙi. Ni ina ganin hanyar kakan ce ya bi har inda ta ƙare, don dabarar zama tsakani tana aiki ne in ɓangarorin biyu suna jin kunyar malam. Waɗannan sababbin ba su ji. A 1897 Faransawa suka kafa bariki a Say.

Abin da ya biyo baya aikin alƙalami ne. Aka mai da Alfaize sarkin kanto. Aka liƙa yankin da Dahome, aka ciro shi, a 1919 ya faɗa cikin Volta ta Sama, Burkina Faso ta yau. Sai da dokar 28 ga Disamba 1926 aka maido da'irar Say cikin Nijar, ban da kanton Botu na Gurmawa. Kanton Lamorde na cikin waɗanda aka maido. Wato filin da ɗakunan kwananmu suke a kai ya yi shekara bakwai yana wata ƙasa, ana hango shi daga Yamai. A 1926 ɗin ne kuma aka ɗauko babban birni daga Damagaram aka kawo Yamai, ƙauyen da bai kai a kwatanta shi da Say ba lokacin da Barth ya wuce. Fito ya koma can, a 1970 gada ta zo ta ƙarasa shi. Abin da ya rage wa Say shi ne abin da Jobbo ya zo da shi tun farko, sunan malanta, kuma shi ya sa da ƙasashen Musulmi suka yanke shawara a taron Lahore na 1974 su gina jami'a a Nijar, can aka kai ta, ta buɗe a 1986.

Saran daji kuwa bai tsaya ba. Bayan farin shekarun 1970, ga kuma yaƙin da aka fara a 1974 da ƙudan da ke kawo makantar bakin kogi, gwamnatin Seyni Kunce ta yanke wani babban yanki daga gandun dajin Tamu a 1976 ta buɗe shi ga manoma. Mutane suka kwararo daga Zarmaganda da sauran wuraren da yunwa ta kora, manyan ma'aikata da ƴan kasuwar Yamai su ma suka yanki nasu, makiyayan da suka saba bi ta nan da Gurmawan da ke ciki suka wayi gari da sababbin maƙwabta. Sunan da aka sa wa wurin, a kudu da garin Bafillacen da ya yi wa'azi da Zabarmanci, Hausa ne: Ayinoma, a yi noma.